Rasuwar Asibi Mai Garwa Biyu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Baballe direba, mutumin Rano, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a da manoman Kibiya, har da waɗanda labarin zai yi wa daɗi, cewa motata Asibi ta riga mu. Ta cika ranar Talata da hantsi a hawan da ke kusa da Nariya, da buhu ashirin na gyaɗa a bayanta, a gaban mutane fiye da yadda za su taru a jana'izata.

Marigayiyar ta zo ƙasar nan a jirgin ƙasa, shekara guda kafin fara ta zo ta cinye gonaki. Ranar Asabar na shigo da ita Rano, shi ya sa na raɗa mata Asibi. A lokacin babu wata mota tsakanin Rano da Kibiya sai ita. Tsofaffi sun tofa mata addu'a daga nesa, jakuna sun tsinke igiya, wata mata ta ajiye mata ƙwaryar ruwa a gaban taya don kada baƙuwa ta kwana da ƙishirwa. Shekara bakwai muka yi tare, kuma ban taɓa kwana a daji saboda ita ba, sai sau huɗu, su ma laifin damina ne.

Halinta na farko da kowa zai shaida shi ne ƙana'a. Injinta ƙarami ne, silinda huɗu, fetur take sha. Garwa biyu ke kai ta Kano da kaya ta dawo gida, wani lokaci har da ragowar da za a kai mara lafiya Tarai. Motar wani Bakware, baƙon ɗan kasuwa mai sayen gyaɗa, mai silinda shida, garwa uku take zuƙewa a wannan tafiya, ta iso tana huci kamar an zalunce ta. Ita kuwa motar tururi da masu gyaran hanya suka taɓa kawowa, wadda ake hura wa wuta, itacen da ta cinye a wata guda ya ishi matan unguwarmu girkin shekara, ga ruwa sai an kwashe mata rijiya. Na sha tsayawa a bakin ma'aunin gyaɗa ina lissafa wa mutane wannan bambanci, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Ba na musun cewa na cika baki. Amma a kan gaskiya na cika shi.

Muryarta ba ta ɓuya. Idan na murɗa ƙarfen tayarwa da safe sai ta yi tari biyu, “kuf, kuf”, sannan ta kama “tatatata” a hankali, ba gaggawa. A gangara tana waƙa, a hawa tana nishi, ƙahonta na roba kuma yana cewa “fam-fam” tun daga bayan duwatsu, matan Kibiya su san lokacin ɗora tukunya ya yi. Ta kai amare, ta kai gawa, ta kai masu naƙuda, ta kai mutanen da har yau ba su ce mata an gode ba.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga bakin mutane. Da kakar bana Shitu, wanda a bayan Asibi ya fara ganin birnin Kano, ya dawo daga Ikko da wata ƙatuwar mota mai shan baƙin mai. Ba ta da fulogi, ba ta shan fetur, tana ƙara kamar ana daka a turmi goma, hayaƙinta kuma ya isa ya kori sauro daga gari guda. Amma garwa ɗaya da ɗan ɗigo take kai ta Kano ta dawo, da kayan da ya ninka na Asibi. Na ce ƙarya ne. Na auna da idona, sau biyu, na tarar ba ƙarya ba ne, sai na ci gaba da cewa ƙarya ne.

Ranar kasuwa Shitu ya yi abin da ya tsaya mini a rai. Ya sayi kwalbar man gyaɗa a hannun mai ƙuli-ƙuli, ya buɗe tanki a gaban jama'a ya juye, ya tayar da mota, ta tashi lafiya lau. Ya ce tasa motar ko abin da ake soya ƙosai da shi aka ba ta ba ta raina ba. Mutane suka yi ta tafi. Wani ya waiwayo ya tambaye ni ko Asibi ma tana cin na gida, ko ita sai abincin Turawa. Na yi dariya tare da su, na koma gida ban ci tuwo ba.

Daga nan manoman Kibiya suka fara gunaguni. Shekara bakwai ni nake kai musu gyaɗa ma'auni, kuma da wannan dakon nake ci da gidana, babu wani. Dattijonsu, Malam Hammadu, mutum ne mai adalci, kuma adalcinsa ne ya kashe ni. Ya ce ba za a raba ni da aikin da baki ba, sai an gwada. A zuƙe tankin kowace mota, a zuba wa kowacce rabin garwa na abin da take sha, a ɗora musu buhu ashirin-ashirin, su yi ta zagawa daga Kibiya ta Tarai da Nariya su dawo. Wadda ta riga tsayawa ta fita, wadda ta rage ita ce mai gyaɗar bana da ta baɗi. Na ce na yarda, da murya mai ƙarfi, don kowa ya ji.

Abin da ya faru a hawan Nariya kowa ya gani. A zagaye na biyu marigayiyar ta fara tarin da ban taɓa ji ba, “ƙyaf, ƙyaf, fuuu”. Ta yi farin hayaƙi, ƙarfinta ya ragu, ni kuwa na ƙi tsayawa, na yi ta danna mata mai, domin motar Shitu tana gabana. Ruwan lagireto ya tafasa, injin ya yi zafin da ba a iya kusantarsa, ta ja jiki ta kai tsakiyar hawan ta tsaya. Ishiyaku, wani manomi da gonarsa ke bakin hanyar, ya ga tana tururi. Bawan Allah ya yi abin da zai yi wa uwarsa in ta suma a rana: ya sheƙo da tulun ruwan rijiya mai sanyi ya kwara mata a ka. Sai muka ji “ƙas”. Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe.

Tun ranar gari ya yanke hukunci cewa Ishiyaku ne ya kashe Asibi. An yi masa waƙa, an hana shi zama a inuwar kasuwa, surukinsa ya aika masa da magana mai zafi. Ya zo ƙofar gidana sau uku yana neman gafara, sau uku ina cewa a gaya masa ba na nan. Kwana goma sha ɗaya ina jin ana zaginsa, ina gyaɗa kai.

To, ga abin da ba a gani ba. Ran gwajin, bayan an auna mana mai, jama'a duk suka koma wajen motar Shitu suna shafa ta, suna leƙa cikinta. Ko mutum ɗaya bai tsaya wajen Asibi ba, ita da ta yi musu shekara bakwai. Ni kuwa da kwalba uku na man gyaɗa a ƙarƙashin kujera, na matata Ramlatu, waɗanda na karɓa da sunan zan shafa wa ƙafafun mota. Na ce a raina ƙarfe ƙarfe ne, mai kuma mai ne, abin da waccan ta ci ta tashi wannan ma za ta ci. Na ɗauka bambancin a abinci yake, kamar jakin da aka ba dusa da wanda aka ba kara. Ban san a halitta yake ba. Na juye mata duka ukun, na rufe tanki, na goge hannuna a riga.

Ramalan makanike, da na ɗauko daga Kano, ya buɗe cikinta ya tarar da fulogi duk sun daskare da baƙin danƙo. Ya lakato ya sansana, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce:

“Malam Baballe, ruwan nan gawa ya tarar. Wa ya soya mata ƙosai a ciki?”

Ya yi mini bayanin cewa injin baƙin mai matse abincinsa yake yi har ya kama da kansa, shi ya sa yake cin mai kauri kuma kaɗan ke isarsa, na fetur kuwa sai abu mai sauƙi da tartsatsi zai kunna. Bayani ne mai kyau, kuma da na ji shi kafin Talata da ya fi kyau. Ya ce injin ya tsage daga sama har ƙasa, babu maƙerin da zai haɗa shi, irinsa kuma an daina kawowa. Saboda haka ina shaida wa jama'a cewa Ishiyaku ba shi da hakkin kowa. Shi kaɗai ne a wurin ya rugo don ya taimake ta. Wanda ya kashe ta shi ne ya sa hannu a wannan takarda.

Marigayiyar ta rasu ta bar taya huɗu da ɗaya ta ajiya wadda ta fi su lafiya. Ta bar ƙarfen tayarwa, wanda ya taɓa karya mini hannu kuma na yafe masa. Ta bar garwa tara babu komai a ciki, da ragowar fetur da ya gauraye da man gyaɗa, ba ya tuƙi ba ya suya. Ta bar Ramlatu, wadda ta ƙirga kwalabenta tun ranar ta gane komai, ba ta faɗa wa kowa ba, ni ma ba ta ƙara yi mini maganar da ta wuce “ga abinci” ba. Ta bar manoman Kibiya, waɗanda suka jure rashin da ƙarfin hali har gyaɗarsu ta isa Kano washegari. Ta kuma bar ni.

Za a ɗauko gawar ranar Alhamis da hantsi daga inda take kwance a hawan Nariya. Na nemi shanu, masu su suka ce ba za su iya hawan ba, don haka motar Shitu ce za ta jawo ta da sarƙa. Ya aiko mini cewa kada in damu, jan ba zai ƙara masa ko kwalba ɗaya ba. Liman ya ce ƙarfe ba shi da sallah, ban yi masa gardama ba. Za a ajiye ta a gindin tsamiyar bayan gidana, a tokare ta da duwatsu. Masu son katakon bodi da masu son taya don takalmi su yi haƙuri har a sauke ta, kada a fara rabon gado a kan hanya kamar yadda aka fara da fitilunta. Wanda zai bi ta Nariya ya gaya wa Ishiyaku ina roƙonsa ya zo, kuma wannan karon ina nan.

Zaman makoki kwana uku ne, a ƙofar gidana. Babu sadakar bakwai, babu ta arba'in, domin ranar Litinin da sassafe zan kasance a ma'aunin Kibiya. Na je wajen Shitu neman aiki, ya karɓe ni hannu biyu, ya ce ba zai manta da alherin Asibi ba. Ya ce direba yana da shi, in zo da gammona.

Sanarwa daga mai rashi, Baballe na Rano.