Rasuwar Doris, Kwana Uku Kafin a Ba da Kofi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yar kunya a gefe, Neville Prowse, mai shagon zana suna a jikin kofunan gasa a garin Mildura, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa Doris, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Laraba da hantsi, tana da shekara goma sha shida.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ta kuma koya wa kowa haƙuri. In ya kunna ta, Neville kan dafa shayi, ya shanye, ya ɗauraye kofi, sannan ta ce "ƙiiit", alamar ta farka. Amma tun da aka haɗa ta da injin zanen, ba a taɓa jin kansu ba. Da tsarin 32-bit ta tashi, shi kaɗai ne yaren da injin yake ji. Sau goma sha ɗaya ta sa sunan Col Hannaford a kofin gasar kamun kifi ta kogin Murray, ko tsaki ba ta taɓa yi ba. Neville ne mai tsakin.

Bana, bayan shekara talatin yana jefa ƙugiya, Neville ya ci gasar. Nan fa kai ya kumbura. Ya rantse sunansa ba zai hau kofi da irin haruffan Col ba, sai masu lanƙwasa da ya gani a wata sabuwar manhaja, wadda ba ta aiki sai a kan sabon tsarin 64-bit. Ga shi an ce masa sabon tsarin ya fi sauri. Matarsa Glenys ta ce, "Nev, ka bar tsohuwar nan ta ƙarasa kwananta lafiya." Ina, ko a jikinsa, sai da ya ɗora mata shi.

Doris ta haɗiye sabon tsarin don biyayya kawai, alhali ƙwaƙwalwarta ba ta kai ba. Fankarta ta dinga gurnani. Da aka jona injin, ta nuna ba ta taɓa saninsa ba. Neville ya ruga gida neman faifan tsohon tsarin, ya tarar shekara shida ke nan da Glenys ta rataye shi a bishiyar ɓaure don korar aku. Rana da aku sun gama da shi. Kafin ya dawo shago, Doris ta yi "ƙyat, ƙyat, ƙyat", ta cika.

Ta rasu ta bar injin zane, lafiyarsa ƙalau amma babu mai yi masa magana, da linzamin kwamfuta guda, da maigida da ya kasa haɗa ido da matarsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, a wurin zubar da tsofaffin kayan lantarki. Daga nan sai kulob ɗin masu kamun kifi, inda za a gasa nama a miƙa kofi. Col Hannaford, cikin karamci, ya ɗauki nauyin rubuta sunan zakaran bana da hannu a 'yar takarda, a manna a jikin kofin, ƙarƙashin nasa sunan.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su taɓa kofin da jiƙaƙƙen hannu. Tawadar tana gogewa.