Rasuwar Mai Zobe ta Ɗakin Hoton Huhu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirjin da har yau ba a leƙa ba, mai ɗaukar hoto na ɗakin ƙarshe a ƙasan asibiti yana sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar hoton huhu wadda ma'aikata ke kira Mai Zobe. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha shida a bakin aiki.

Marigayiyar ba ta da fara'a, ga ɗakinta da sanyi kamar firji. Amma ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Tsofaffin mashaya sigari, direbobi da masu walda da waɗanda ke rantsuwa sun daina tun bara, duk sun kwanta a gadonta hannuwa sama, ta zura su cikin zobenta ta fito da su. Tabon ciwon daji da bai kai ƙwayar shinkafa ba takan gano shi tun kafin tari ya fara, lokacin da likita ke iya cire shi.

Da aka kawo ta, da yaren waje take magana, sai mutane su saki numfashi inda ya kamata su riƙe, hoto ya lalace. Matar mai hoton, wadda nas ce a bene, ita ta sauko aka ɗauki muryarta aka sa a ciki. "Ja numfashi. Riƙe. Yauwa, saki." Wannan "yauwa" ba ya cikin takardar da aka ba ta, ita ta ƙara abinta. Shekara biyar ke nan da rasuwar matar, amma kullum sau ashirin yana jin ta daga bayan gilashi. Shi ya sa ba ya ɗokin komawa gidan da babu mai amsa masa sallama.

Ciwon ajali ya fara da gurnani, sai zane-zane a cikin hoto. Ranar Talata wani tsohon tela yana kwance, ta ce "Riƙe," ba ta ƙara cewa komai ba. Bawan Allah ya yi ta riƙewa har sai da mai hoto ya shigo da gudu. Injiniya ya duba ya ce allon lantarkin da muryar ke ciki ya ƙone ƙurmus.

Ta bar gado ɗaya, da kwamfuta, da mutum arba'in da ɗaya masu jiran layi. Na ƙarshensu mai hoton ne kansa. Shekara talatin ya yi yana shan sigari, matarsa ta yi ta magiya ya kwanta a na'urar ko na minti biyar ne har ta gaji, kullum amsarsa gobe. Da fensir ya rubuta sunansa a jerin masu jira, duk wata ya goge ya mayar ƙasa. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Wata biyu ke nan yana tari.

Za a fitar da gawar ranar Alhamis ta ƙofar baya, idan masu kwance ƙarfe sun iso. Ba za a yi zaman makoki ba, kujerar ɗakin ɗaya ce. Ranar Litinin da safe mai makokin zai hau mota shi kaɗai zuwa asibitin da ke da wata na'urar, tafiyar awa huɗu, ya ɗaga hannuwa sama ya riƙe numfashi. A can babu mai ce masa yauwa.