Hular Gwaggo Hansai a Kasuwar Waya

Duk wanda ya ce muku sayar da kaya ta waya hutu ne, ku turo min shi in haɗa shi da Gwaggo Hansai. Ƙanwar mahaifina ce, a Azare take zaune, kuma tun kafin a haife ni take ɗinkin hula da hannu. Ba irin hular da ake sawa a leƙa cefane ba, ƙube ce mai cikakken aiki, wadda in ka ɗora ta a ka sai ka ji wuyanka ya miƙe da kansa. Hula ɗaya takan ci mata wata guda har da ɗoriya. Akwai matan unguwa huɗu da ta koya wa, kullum da hantsi suna tsakar gidanta, kowace da allura da zare. Baki kuwa Allah ya ba ta, ko a gidan biki ba a zama kusa da ita sai an shirya.

A da dillalai ne ke zuwa har gida suna rububin kayanta. Sai hular inji ta cika kasuwa. A buhu ake shigo da ita, kuɗin hular Gwaggo ɗaya ya saya maka biyar. Daga nesa ka rantse ta hannu ce, sai ranar da ta je wurin mai wankin hula ta sha sabulu da bugu ka ga ta dawo kamar tsumma. Amma wa ke tuna ranar wanki a lokacin da yake saye? Dillalai suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, huluna suka taru a akwati, matan nan huɗu suka fara zancen ajiye allura su koma suyar awara. Gwaggo ba ta faɗa ba, amma na ga abin yana cin ta, ni ma kuma ya ci ni.

Ni malamin makaranta ne, kuma ina da babbar waya, wanda a wajen dangi hakan ya isa a ɗauka na san komai. Na ce mata ta bari in kai hulunan kasuwar intanet. Da yake sunan mahaifinta aka sa min, ba ta kiran sunana, Babana take ce min. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Babana, kasuwar da ba rumfa, ba inuwa, ba mai kunun zaƙi, a ina zan zauna?” Na ce ba sai ta zauna ba, ni zan zauna mata. Ta ce to Allah ya sa kada zaman ya zama gyangyaɗi.

Muka fara da kasuwar da ta fi kusa, wato guruf ɗin dangi da na 'yan unguwa. Ranar farko wayata har zafi ta yi. Kowa Masha Allah, kowa tubarkalla, kowa nawa ne. Kana faɗin farashi sai ka ji tsit, mutumin da yanzu-yanzu yake turo maka hoton furanni ya ɓace ɓat. Wani ɗan'uwanmu ya ce a ajiye masa guda biyu sai Sallah, bai dai ce wace Sallar ba. Wata kuma ta ɗauki hoton ta sa a shafinta ta rubuta aikin kakarmu, alhali ko gaisuwar Juma'a ba ta zuwa. Da na karanta wa Gwaggo saƙonnin, ta ce ta gode da addu'a, amma ba a auna gero da Masha Allah.

Daga nan na gano wata kasuwa ta ƙasar waje, wadda aka ce kayan hannu kaɗai ake sayarwa a cikinta, kuma masu sayen sun san darajar abu. Nan na ji daɗi, na ce mun zo gida. Ashe kafin ka shiga sai ka ba da tarihin mai sana'a da Turanci, sai ka nemo asusun da banki zai yarda da shi, sannan kuɗin aika hular ya kusa kamo kuɗin hular kanta. Na daure na yi duk wannan. Bayan dogon jira wata Baturiya ta rubuto, ta yaba aikin ƙwarai, ta ce launinsa zai dace da falonta. Tambayarta ɗaya ce, wai in aka zuba lemo da ayaba a ciki ba zai lotsa ba? Na fassara wa Gwaggo. Ta ajiye allura ta ce in rufe shagon nan take, hular da ta ƙarar da idonta a kai ba za ta zama kwandon ayaba a gidan kowa ba. Na yi ta ba ta baki cewa kuɗi dai kuɗi ne, ta ce ita kai take ɗinka wa.

Saura babbar kasuwa ta cikin gida, wadda ake sayar da komai da komai, daga firiji har ƙaramin cokali. Ba na son ta, don a can hular inji ta yi sansani. Ka sa taka guda ɗaya, sai ka ga ɗari sun kewaye ta, kowace tana ihun araha. Amma a can masu saye suke, kuma su sun san cewa hula a kai ake sa ta. Na buɗe shago, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ɗinkin hannu ne na asali. Gwaggo ta yi ta ƙorafi kan cewa ba a gaisawa, ba a tayawa, ba a cewa albarka, mutum kawai ya danna ya wuce kamar ya zo ɗaukar ajiyarsa. Na kuma yi mata bayanin dokar wurin: mai saye yana ba ka taurari gwargwadon jin daɗinsa, in kuwa ya kai ƙara cewa kayanka jabu ne aka tabbatar, an rufe shagon ke nan, sunanka ba ya sake shiga.

Muka sayar da ɗaya, aka daɗe, muka sayar da wata. Sai ga wani saurayi daga Abuja mai suna Nazifi, babban abokin ango ne, yana son huluna biyar iri ɗaya don anko. Ranar a gidan Gwaggo har guɗa aka yi. Ta raba aikin, ita ɗaya, matan nan kowace ɗaya, zane ɗaya, zare daga ƙulli ɗaya. Zancen awara ya mutu. Da aka gama aka kai wanki, aka buge su suka tsaya cak, na kai tasha da kaina na sa a mota.

Kwana kaɗan sai ga saƙo. Nazifi ya ba mu tauraro ɗaya, ya kuma kai ƙara cewa mun sayar masa da jabu. Ni dai na san in aka rufe wannan shagon babu sauran inda za mu nufa, kuma ni ne zan kalli matan nan in gaya musu. Kasuwar ta sa ranar sasanci ta kiran bidiyo, mu, da shi, da wata ma'aikaciyarsu da za ta yanke hukunci. Na roƙi Gwaggo ta bar ni in yi magana. Ta ce to, ta kuma ɗaura ɗankwalinta na zuwa unguwa, ta zauna daf da ni, wanda hakan ya nuna min cewa to ɗin nan ba ta kai zuci ba.

Ma'aikaciyar yarinya ce mai ladabi, Bahaushiya, ta gaida Gwaggo da Mama ina wuni, sannan ta ba Nazifi dama. Ya jera hulunan biyar a kan tebur, yana magana yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce ya sa su a layi ya duba da kyau, babu biyu da suka zo daidai. Wannan ɗinkinta ya fi matsewa, waccan furenta ya ɗan fi faɗi, ɗayar kuma in ka juya cikinta har ƙullin zare ana gani. Ya ce shi anko ya saya, kuma anko dole ya zama abu ɗaya sak.

Na buɗe baki zan yi bayanin cewa hannu biyar ne suka yi aikin, Gwaggo ta riga ni. Ta ce, “Ɗana, ku biyar ɗin da za ku sa, kawunanku iri ɗaya ne sak?”

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai kamar tana neman wani abu a ƙasa. Nazifi kuwa bai ji daɗi ba. Ya ce shi ba wasa ya kawo shi ba, yana da hujja. Wai bayan kayanmu sun iso ya sake bincike a kasuwar, ya gano kamfanin da ke yin ta asalin, zane iri ɗaya, launi iri ɗaya, ga araha, kuma ya sayi biyar sun zo kamar an tsaga kara. Ya ɗaga ɗaya ya nuna mana, tana ta ƙyalli. A ganinsa Gwaggo ce ta ga ta kamfani ta zauna ta kwaikwaya da allura, shi ya sa tata ta fito a karkace. Ya ce, “Hajiya, ba raini ba, amma in za a kwaikwayi abu a riƙa faɗa wa mutane gaskiya.”

Raina ya ɓaci. Matar da ta fi shekara arba'in tana wannan zane, yau ita ce mai satar fasahar inji. Ma'aikaciyar ta ce ya turo tallar kamfanin a gani, ya turo, hoton ya cika fuskar wayata. Ina kallo na gane shi. Hoton da na ɗauka ne da kaina a tsakar gidan Gwaggo, sun sauke shi daga shagonmu, sun goge katangar da ke baya sun sa fari fat, sun manna sunansu a sama. Abu ɗaya suka manta ba su goge ba. A gefen hular akwai babban yatsan wadda ta riƙe ta, da jan lalle a farce, da kantar allura a gefe.

Gwaggo ta karɓi wayar, ta kai ta nesa da ido, ta dawo da ita kusa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga babban yatsanta ta kai shi daf da kyamara, ta juya shi a hankali don kowa ya more kallo. Makullin motar Nazifi ya daina juyawa. Ma'aikaciyar ta tambaye ta ko tana da abin da za ta ce kafin a yanke hukunci.

Gwaggo ta ce, “Ba ni da ja, 'yata, tunda ya ce su ne na asali. Ɗana, kai da ka san kamfanin, ka ce musu in sun gama talla da yatsana su dawo min da shi, ina da ɗinki a gabana.”