Gandu ko Gayauna a Kwamfutar Mansura

"Lafiya lau, angona. Ya ƙafafu? An ce jiya kunkuru ya wuce ka a hanyar masallaci."

Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ƙasa na ta ƙamshi, masara na kaɗawa iyakar ganin ido a bayan Malumfashi. Mansura ta zauna gefen tabarmar kakanta Malam Sanda, ta buɗe kwamfuta a cinya. Wani harshen kwamfuta ta ƙirƙiro da Hausa don ɗalibanta na sakandare, shi ne ya hana ta sukuni.

"Amarya, farantin nan naki har yau bai dafa tuwo ba? Sakinki zan yi."

"Sake ni mu ga mai kwasar tsoho. Shawara na zo nema. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ko da yake kai akuyarka ma ba ka hangowa."

A harshen nata, duk lambar da yaro ya ajiye ya sa mata suna, kowane sashe na aikin yana iya taɓa ta ya canza. Da gangan ta tsara shi haka, don a gidan gandu ta tashi: gona ɗaya, rumbu ɗaya, kowa ya ɗiba. To, jiya ɗalibarta Sabuwa ta sa wa lambarta suna hatsi, wani sashe can nesa ya ɗauki sunan ya shafe mata lissafi kaf, yarinya ta yi ta kuka.

"So nake in juya shi," in ji Mansura. "Duk abin da aka ajiye ya zama gayauna, gonar mutum shi kaɗai. Abin da ake so ya zama na kowa, sai an faɗa da baki."

"Raba gida ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Tsohon ya lumshe ido, muryarsa ta yi laushi. "Ba ki ga gandu ba, yarinya. Mu jeru da garma tun hantsi, gangar noma na tashi, mata na tafe da fura a kan kunya. Ni na taɓa jan kunya ɗaya ban ɗago ba sai a Bakori."

"Ranar kasuwa ce, ƙamshin tsire ya ja ka."

Tsohon ya kau da kai. Abin da Mansura take tsoro ke nan, kada ya ji kamar gidansa take rushewa. Ta ɗauke yatsanta daga kwamfutar, ta ji ba za ta iya juya harshen ba.

Malam Sanda ya dogara sanda ya shiga ɗaki, ya fito da gasasshiyar masara, ya miƙa mata.

"Ɗanɗana."

"Kaka, wannan zaƙi haka? Daga gandu?"

"Wane gandu? 'Yar gayaunata ce ta bayan ɗaki. Da a gandu take, da ƙattan gidan nan sun cinye ta tun tana goyo." Ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Juya abinki, amarya, kada 'yar mutane ta sake kuka. Amma wannan da ke hannunki gandu ce, na faɗa da baki. Karyo min rabi."