Sarkin Taya Ya Je Gaisuwa

Allah ya so Birnin Konni da rahama da ya ba ta Muttaƙa. Kafin ya dawo daga cin rani a Abijan, mutanen garin suna ta fama da tunani da ɓacin rai, ba su san maganinsu na nan yashe a bayan tasha ba: tsohuwar tayar tarakta. Mahassada na cewa shara kawai yake yi a wani gidan motsa jiki can bakin teku. To, ko da tsintsiya a hannu, ai ido na gani. Ya dawo da usur a wuya, da riga mai matse ƙirji, da sunaye biyu da ya raɗa wa kansa: Koci, da Likitan Ƙwaƙwalwa. 'Yan kabu-kabu suka ƙara masa na uku, Sarkin Taya, wanda ba a faɗa a gabansa.

Kullum da sassafe yakan jera almajiransa a filin bayan tasha, su juya taya, su ɗauki jarkoki cike da yashi a guje, su tsuguna su miƙe, su tsuguna su miƙe, har sai idanu sun firfito. Shi kuwa yana tsaye bisa bulo yana wa'azi.

"Ku saurara! Ni ba damtse nika ginawa ba, hankali nika ginawa. Wanda yaj juya taya har numfashi ya ƙare mai, babu wurin damuwa cikin kainai. Haƙuri, natsuwa, tawali'u, duk cikin zuhwa suke. Ku dube ni. Yaushe rabona da hushi?"

A ranar ce akuyar maƙwabta ta cinye masa bakin igiyar tsalle. Likitan Ƙwaƙwalwa ya bi ta a guje har bakin kasuwa, yana zagin ta tun daga uwarta har kakanninta. Da ya dawo yana haki, sai ya bayyana wa almajirai cewa wannan ma yana cikin darasi.

Abin haushin shi ne, maganin yana ci. Rabo ɗan kabu-kabu, wanda a da fasinja ba ya sauka daga babur ɗinsa sai an yi cacar baki, ya zama salihi yana barci kamar jariri, ko don hankalinsa ya kwanta, ko don ba shi da sauran ƙarfin faɗa. Wannan ya ƙara kumbura kan Koci. Uwarsa Hawa'u ta roƙe shi ya shigar mata da buhun gero ɗaki, ya ce wannan ɗauka ce marar ilimi, tana iya ɓata masa baya.

Amma ko Likita yana da ciwonsa, kuma ciwon Muttaƙa sunansa Nazifa, malamar lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyen Tajaye. Yana son ta, so na gaskiya, irin wanda ke sa usur ya maƙale a baki. Ita ma ta amince, duk da takan yi dariya in ya fara wa'azi. Sai dai aurenta yana hannun wan mahaifinta, Baba Illo, wanda labari ya kai masa cewa yaron girman kai ne da shi. Tsohon ya ce a turo shi ya gaishe shi, daga gaisuwar zai yanke magana. Nazifa ta yi wa Muttaƙa bayani dalla-dalla: ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da kai, kada ya miƙe sai an sallame shi. Shi ke nan, ba wani abu.

Ana jajibirin tafiya tsoro ya kama Koci. Sai ya rubuta wa kansa maganin da yake rubuta wa jama'a, ya kuma ninka shi. Ya rungumi jarkar yashi, ya yi ta tsugunawa yana miƙewa tun bayan azahar har rana ta yi ja. Kuma wallahi tsoron ya tafi! Ya koma gida zuciya fes, yana jin ko gwamna ne zai iya tunkara.

Da gari ya waye zuciyar tana nan fes, amma cinyoyin sun zama itace. Rabo ne ya ɗora shi kan babur. Kowane rami na hanya ya ƙara ɗaure cinyoyin, har suka iso Tajaye da hantsi, suka tarar da Baba Illo kan tabarma a inuwar itacen bedi, dattawa kewaye da shi.

Muttaƙa ya tuɓe takalmi da ƙyar. Ya matso, ya umarci gwiwoyinsa su lanƙwashe. Gwiwoyin suka ce ba su san zancen ba. Ya sake gwadawa, gumi ya karyo masa. Rabo, da tuni ya zube ƙasa, ya raɗa masa: "Koci, ka hwaɗi gaskiya, ka ce ƙahwahu ka ciwo. Dariya za su yi, shi ke nan."

Lalle da dariya za a yi a wuce wurin, don Baba Illo ba mugu ba ne. Amma a ce Koci guda ya furta da bakinsa, a gaban almajirinsa, cewa maganinsa ya kayar da shi? Sai ya buɗe ƙirji, ya miƙa wa tsohon hannu daga tsaye.

"Baba, a ilimin zamani an gano durƙuso na danne jijiyar tunani. Gaisuwar tsaye ita ka buɗe ƙwaƙwalwa. Ku ma da kuna motsa jiki, da kun huta da saurin hushi irin na tsohwahhi."

A bayan zana, inda mata ke leƙe, Nazifa ta rufe fuska da gyale. Baba Illo ya dubi hannun da ke rataye a iska, bai karɓa ba, bai kuma ɗaga murya ba. Da gani ka san bai taɓa juya taya ba, amma natsuwarsa ta ishi gari.

"An ce min kullum sahe kana durƙusa ma taya," in ji shi. "To, tahi ka biɗi ɗiyar taya. Tawa ta wanda ka gaida mutane ce."

Muttaƙa ya juya yana tafiya kamar an ɗaura masa sanduna. A bayan katanga, inda babur yake kusa da turken jaki, ya ɗaga ƙafa zai hau, sai cinyar ta sake shi. Ya zube a kan gwiwoyinsa biyu, kai a sunkuye, ba takalmi, daidai yadda Nazifa ta koya masa. Jakin Baba Illo ya dube shi, ya kaɗa kunne, bai kuma yi gaggawar sallamarsa ba.