Rasuwar 'Yar Ɗigo, Mai Shayar da Kifin Abdul Razak

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, gidan Malam Ƙadri mai gyaran famfo da ke bayan tashar Tasawa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar 'Yar Ɗigo, na'urar da ke ƙara wa akwatin kifi ruwa da kanta. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara biyu da wata biyar a duniya. An fara shaida wa maƙwabta cewa gajeriyar rashin lafiya ce. Gidan ya sake shawara, ya ga gara a faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

Ga wanda bai san asalinta ba, sai an fara da Abdul Razak, ɗan farin Malam Ƙadri, mai yankan gilashi. Shi ya haɗa akwatin da ragowar gilashin wani kanti, ya kamo ƙananan karfasa biyar a wani tabki na hanyar Kona ya zuba ciki. Ranar da zai tafi arewa haƙar zinariya, ya tsoma yatsa cikin shuɗin fenti ya ja layi a jikin gilashin.

"Baba, kar ruwa ya sauka ƙasan layin ga har in komo," in ji shi.

Ya kira sau huɗu a watannin farko. Daga nan lambar ta daina shiga, yau shekara uku ke nan saura kaɗan. Malam Ƙadri bai taɓa furtawa ba, amma duk unguwa ta san abin da ya ƙudura a ransa: muddin kifin nan suna motsi, ɗansa ma yana motsi a wani wuri. Liman ya yi masa nasiha a kai har sau biyu, ya ce ya ji, ya gode.

Matsalar ita ce zafin Tasawa ba ya jin kunyar kowa. A bazara rana kan shanye yatsa biyu na ruwan kafin magariba, shi kuwa Malam Ƙadri ya zama mutumin hanya. Ko'ina aka ce wani ya dawo daga arewa, sai ya hau kabu-kabu ya je ya nuna hoton ɗansa. Yana buƙatar wanda zai tsaya wa layin in ba ya nan, kuma bai yarda da hannun kowa ba. Da wannan aka haifi marigayiya.

Ba ta zo duniya da sauƙi ba. Yayarta ta farko ta kwararar da lita ashirin da biyar cikin rabin awa, ta jiƙa tabarma da rabin buhun geron Sa'a, uwargidan Malam Ƙadri, wadda ta yi kwana uku ba ta ce masa ci kanka ba. Ta biyu ta toshe tun ranar suna. Ta ukun ce ta rayu. Bido ne, wato jarkar ruwa, a bisa kantar katako, sai siririn tiyo irin na ƙarin ruwa a asibiti, sai ƙwallon roba da aka ciro daga tankin wani tsohon bayan gida na zamani, da hannu na wayar keke. In ruwa ya sauka, ƙwallon ya bi shi, tiyo ya buɗe. In ya kai layi, ƙwallon ya taso, wayar ta matse tiyon. Iyakar iliminta ke nan, kuma ba ta taɓa yin girman kai da shi ba.

Waɗanda suka zauna da ita sun shaide ta da haƙuri da riƙon amana. Ba ta san wutar kuran ba, balle ta yi fushi in an ɗauke. Ba ta taɓa neman isansi ba, wato man fetur. Maganarta kaɗan ce, ɗis, a jima, ɗis, sai can in bido ya haɗiyi iska a ji ƙulum, kamar dattijo ya gyara murya. Ba ta nuna bambanci tsakanin ƙananan kifin da babbansu, wanda ake kira Perfe, wato shugaban yanki, saboda shi ke fara ci. Sau da yawa Malam Ƙadri kan dawo daga tafiya hannu banza, ya wuce gaisuwa ya wuce tuwo, ya durƙusa ya tarar da ruwa daidai kan shuɗin layi. A nan kaɗai ake ganin haƙoransa.

Aibinta guda ne, ba ta tambaya. Abin da aka zuba mata shi take bayarwa. Malam Ƙadri ya san ruwan famfo sai ya kwana biyu a buɗe warin magani ya fita kafin a ba kifi, haka kuma yake yi kullum. Amma mutum ne mai rowar bayani. Shekara biyu yana hana kowa taɓa bidon, bai taɓa zaunar da matar da suka yi shekara talatin tare ya gaya mata dalili ba.

Makon jiya labari ya zo cewa wani mutumin garin Gidan Amumune ya dawo daga arewa, wai sun yi aiki rami ɗaya da wani mai yankan gilashi. Malam Ƙadri ya tafi da niyyar kwana ɗaya, ya yi huɗu, don mutumin ya fita ƙauye sai jira. A kwanakin ne amai da gudawa ya ɓulla a unguwa, ma'aikatan lafiya suka bi gida-gida suna cewa duk ruwan da ke ajiye a ɗiga masa jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sa'a ta sa wa randa, ta sa wa tulu. Sai ta ga bidon marigayiya ya kusa ƙasa, cikinsa ya yi kore. Ta sauke shi, ta wanke shi tas, ta cika, ta zuba murfi ɗaya na jabel. Ta tsaya ta dubi kifin ɗanta, ta ƙara murfi biyu.

'Yar Ɗigo ta karɓa, ta shiga aikinta. Ɗis, a jima, ɗis.

Mutumin Gidan Amumune ya juya hoton, ya ce kamar shi ne, kamar kuma ba shi ba. Da wannan Malam Ƙadri ya dawo. Ya shiga ɗaki ya durƙusa kamar yadda ya saba. Ruwa yana kan layi, ko gashi ɗaya bai sauka ba, ya yi garau yadda bai taɓa yi ba. Kifin biyar suna sama, ciki a waje, Perfe a tsakiya. Sa'a tana bakin ƙofa, ta kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba. Ba ta kama sunan ɗan fari, ko ranar ba ta kama ba.

"Malam, ni ce. Cewa na yi kar ciwon ga ya kama kihin yaron ga."

Ya ci gaba da kallon kifin. Ana cikin haka sai marigayiya ta ce ɗis. Malam Ƙadri ya fita ya ɗauko guduma. Gidan ba zai ɓoye ba, lafiyarta ƙalau har numfashin ƙarshe, kuma hannun da ya yi ta shi ya kashe ta. Ya yi nadama tun kafin ya ajiye gudumar, ya zauna cikin ruwan da ya malale yana kuka irin wanda bai yi ba shekara uku.

Ta rasu ta bar bido ɗaya mai tsaga a gindi, da kantar katako, da akwatin gilashi wanda babu kowa a ciki. Ta bar Sa'a, wadda gidan ke roƙon kada wanda ya ɗora mata laifi ko da da ido ne, domin Malam Ƙadri ya ce rowar bakinsa ce ta jawo. Ta kuma bar shi kansa, wanda yanzu yake cika akwatin da moɗa kowace safiya har zuwa layi. An yi masa magana, ya ce ruwa aka ce masa kar ya sauka.

An riga an binne kifin a gindin itacen bedi na tsakar gida. Ita marigayiya za a kai ta makwancinta gobe Alhamis bayan la'asar, kusa da su. Ba sallah, liman ya ce roba ba ta da wannan haƙƙin, gidan kuma bai ja ba. Za a yi zaman karɓar gaisuwa kwana ɗaya a zaure. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo kifi, kada kuma su tambayi labarin arewa, domin babu.

Saƙo na ƙarshe daga bakin Malam Ƙadri ne. Duk wanda Allah ya sa Abdul Razak ya kira shi, ko ya gamu da shi a wata tasha, kada ya rufa wa gidan asiri. Ya gaya masa kifinsa sun mutu duka biyar, a hannun babansa, ya zo gida ya yi faɗa.