Kwalbatinmu Na Jiran Kyamara

Jiya da safe na ɗaga ƙafa zan fita daga gida, sai ƙasar ƙofar gidan ta ce ba ta san zancen ba. Ƙafata ta dama ta shige rami har gwiwa, ruwa ya yi gaba da takalmina, na rage ina rungume da ƙyaure ina salati. Tela maƙwabcina yana buɗe shago a lokacin. Ya leƙo ya ce, "Sannu Malam, ka sauka lafiya?" Na ce masa lafiya lau, sai dai takalmin ne ya riga ni tafiya aiki.

Bari in ba ku asalin maganar. Kwalbatin da ke ƙofar gidana ya karye tun daminar bara. Ruwan unguwa gaba ɗaya, maimakon ya bi ƙarƙashin titi ya kama gabansa, sai ya taru ya jingina da bangona. Bangon nan kuwa na ɗakin Inna ne, mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ba ya barin ta yi sauri ko da gobara aka yi. Ya jiƙe ya yi ciki, tsaga ta taso daga tushe ta kai taga, har kana iya zura yatsa. Duk sanda hadari ya haɗu, gabana faɗuwa yake yi, kuma ba da wasa nake faɗin wannan ba.

Na ari silifas ɗin Tela na nufi ofishin da aka ce shi ke kula da magudanan ruwa. Da na shiga na tarar da ma'aikata sun yi cincirindo a kan tebur ɗaya, sun zuba wa kwamfuta ido, tsit kake ji. Na ɗauka rasuwa aka yi, har na fara shirya gaisuwa a bakina. Da na leƙa ta saman kafaɗar wani sai na ga hoton wata 'yar baƙar kyamara ce suke kallo, rabinta ma a duhu.

A tsakiyarsu akwai Yallaɓai Mai Girma Babban Mai Duba Ɓarna, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Mutum ne mai fara'a, ba zan tauye masa haƙƙi ba. Ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Malam, kukanka ya iso inda ya dace. Amma ƙa'ida ita ce, ba a gyara ɓarna sai an ɗauki hotonta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan mai sauƙi ne." Na zaro waya na nuna masa tsagar ta gaba, ta gefe, da wadda Tela ya tsaya kusa da ita don a ga tsawonta.

Ya kau da kai kamar na nuna masa abin kunya. "Hoton waya? Haba Malam. Aikin hukuma ne fa. Sai da kyamarar ofis."

"To ina kyamarar ofis ɗin, Yallaɓai?"

"Tsohuwar ta gaji, mun sallame ta. Sabuwar muke jira." Ya nuna kwamfutar da leɓe. "Ga ta nan. Kamfanin bai gama ƙera ta ba tukuna, amma mu ne sahun gaba a masu jira."

Jama'a, ku taya ni murna. Muna da shugabanni masu hangen nesa, waɗanda ke shiga layin abin da ba a haifa ba.

Daga nan Yallaɓai ya manta da ni da bangona, ya shiga yabon amarya. Ya ce wannan ba irin kyamarar kowa da kowa ba ce, mai auna nisa ake ce mata. Akwai wata 'yar taga a kusurwarta ta sama. Idan ka leƙa za ka ga abin da ke gabanka ya rabu biyu, sai ka riƙa murɗa zoben gilashin a hankali har biyun su haɗe su zama ɗaya, sannan ka danna. Na tambaye shi ko ba ta iya saita kanta ne, yadda wayata ke yi ba tare da na roƙe ta ba. Ya yi dariyar tausayi ya ce, "Ai nan darajarta take. Da hannu ake yi, sai wanda ya iya." Na ce to wa ya iya a ofishin nan? Ya ce an riga an zaɓi mutum shida da za su tafi kwas a ƙasar waje, shi ne na farkonsu, don shugaba nagari ba ya tura yaransa inda bai taka ba.

Ashe ma ofishin ya rabu gida biyu a kanta. Ɓangaren Mataimakin Yallaɓai sun ji raɗe-raɗin cewa za ta zo da allo a baya, wanda ake taɓawa da yatsa a ga hoton nan take. Ɓangaren Akanta suka ce ƙarya ne, kyamarar manya ba ta da allo, sai ka koma ofis ka ga abin da ka ɗauka. Wata baiwar Allah mai buga takardu ta ce ita dai ta ji ba ta ƙara ko kaɗan, za ka ɗauki mutum bai sani ba. Mataimaki ya ce batirinta zai yini bai mutu ba, Akanta ya ce a bakin wa ya ji. Murya ta fara tashi. Tun da nake zuwa ofisoshi ban taɓa ganin ma'aikata sun yi gumi a kan aiki irin na jiya ba, kuma wallahi abin ya burge ni.

Don ya raba gardama, Yallaɓai ya sa aka buɗe wata doguwar durowar ƙarfe. Nan na ga ikon Allah. Kayan rakiyar kyamarar sun riga ta isowa. Ga jakunkunan fata masu ƙamshi, baƙa ta ranar aiki da ja ta ranar taro. Ga maratayi na wuya, ga na hannu. Ga wata 'yar hula da ake kifa wa gilashin don kada rana ta dame shi, ga wani ɗan ƙarfe da aka ce babban yatsa ke hutawa a kansa. Har da ƙyallen goge gilashin, a ninke cikin akwatinsa. Batura kuwa kwali guda. Na ce, "Yallaɓai, idan ta zo baturan ba su shige ta ba fa?" Ya ce an yi tunanin wannan, akwai kwamiti.

Na tattara sauran ƙarfin halina na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za ta iso? Bangon nan ba zai kai ƙarshen damina ba, kuma tsohuwata a ƙarƙashinsa take kwana."

Ya ce ko da ta iso gobe, akwai wata 'yar matsala. Labarin da ke zuwa musu shi ne kyamarar ba ta son ruwa, ko yayyafi ba a fita da ita. Abu mai tsada haka, ba za a kai shi bakin kwalbati cikin damina ba, sai rani ya yi. Na ce da rani ai babu ruwan da za a ɗauka. Ya ce to ka ga ke nan, in babu ruwa babu ɓarna, kowa ya huta. Ya miƙo mini hannu, ya ce in gaida Inna.

Na dawo gida raina a ɓace. Tela ya ce, "Yaya, sun ce me?" Na ce sun sayi jaka. Ya ce, "Alhamdu lillahi, an fara ke nan." Maiɗakina ba ta tsaya jin labari ba, ta ce yau Inna ba za ta ƙara wuni a ɗakin nan ba. Inna ta ce babu inda za ta, ɗakin da ta saba da shi ne, kuma ba za ta koma falo jikoki su riƙa tsallake ta ba. Muka yi lallashi, muka yi roƙo. Daga ƙarshe maiɗakina ta ɗauke rediyonta da buta da dardumar salla ta kai falo, Inna ta biyo kayanta tana dogara sanda tana yi mana faɗa.

Bayan la'asar aka tsuge da ruwa. Muna zaune muka ji wani rugugi da ba na tsawa ba, gidan ya girgiza. Bangon ya zauna a kan gadon Inna, daidai wurin da take sa kai. Na tsaya ina kallon titi ta cikin ɗakin uwata, ina ta godiya ga Allah.

Yau da sassafe na koma ofishin, ban ko karya ba. Na ce, "Yallaɓai, bango ya faɗi." Ya jajanta mini, ya tambayi lafiyar Inna, sannan na ga fuskarsa ta washe. Ya juya ga Mataimaki ya ce, "Ka ji ko? Ɓarna sosai, wadda ba ta bushewa da rani. Da ita za mu buɗe kyamarar." Ya dawo kaina ya ɗaga yatsa. "Malam, kada a taɓa ko bulo ɗaya. Kada a share, kada a gina. In ka gyara ka ɓata shaida, kuma ba ruwanmu." Har ya tambaye ni ta wane gefe rana ke faɗowa a ɗakin, don a san ko za a zo da 'yar hular nan.

Yanzu haka da nake rubuta muku wannan, ina zaune a bakin ɓaraguzan, na rataya tabarma inda bango yake, ina korar awakin unguwa kada su taka shaidar hukuma. Ɗazu Inna ta kira ni daga falo. Ta ce, "Kai, in ka koma wurin mutanen nan, tambaye su ko in koma in kwanta a ƙarƙashin bulon, hoton ya fi yi musu kyau."

Ban kai musu saƙon ba. Tsoro nake ji kada su ce shawara ce mai kyau.